Wane suna za mu ba sojojin da ke tsayuwar ban-girma?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Kunnenmu ya saba da "faretin ban-girma", wanda ake yi wa shugaban da ya kai ziyara wata ƙasa, ya bi sahu yana duba sojoji. Amma wannan sunan bikin ne. Su sojojin fa, waɗanda wannan ne aikinsu dare da rana?

An ce "masu gadin girmamawa". Ban yarda ba, mai gadi ɓarawo yake jira. An ce "sojojin ado". Wannan kuwa har da raini a ciki.

A dubi na maƙabartar Arlington a Amurka, inda aka binne sojan nan da ba a san ko wane ne ba a 1921. Tun 1937 ba a taɓa barin kabarin babu soja ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Sojan da ke tsaron zai yi taku 21, ya tsaya yana fuskantar gabas daƙiƙa 21, ya juya arewa ya ƙara 21, sannan ya koma. Bindigar kullum tana kafaɗar da ke ɓangaren 'yan kallo, ta shiga tsakaninsu da kabarin. Ba ya ɗaura alamar muƙami a kakinsa, don kada ya girmi wanda ke kwance, tunda ba a san nasa muƙamin ba.

Shiga ma ba wasa ba ne. Sa kai ake yi, kuma namiji sai tsayinsa ya kai ƙafa 5 da inci 10. A makonni biyun gwaji zai haddace shafuka 7 na tarihin maƙabartar, daga baya a yi masa tambaya 100, sai ya ci 95 kafin ya ga lambar masu tsaron kabarin. Ko bayan ya tuɓe kaki, in ya zubar da mutuncinta ana ƙwacewa. Ina ado a nan?

Shawarata: mu ce wa rundunar "dakarun ban-girma", mutum ɗaya "sojan ban-girma", aikin kuma "tsayuwar ban-girma". Masu son "karramawa" suna da hujja, sai dai ita ta fi karkata ga baƙo da lambar yabo, ban-girma kuwa ya haɗa mai rai da mamaci.

Saura sauyin soja da masu tsaron kabarin Arlington suke yi duk rabin awa daga Afrilu zuwa Satumba, duk awa guda a sauran watanni. "Sauyin dakaru" ko "miƙa tsayuwa"? Ni na biyun ya fi kwanta mini.