Neman kalmar Hausa: me za mu kira "listed building"?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Rahotona zai fita a rediyo ƙarfe 4 na yamma, a kan ƙauyen Bibury da ke Ingila. Akwai wasu gidajen dutse a jere, Arlington Row, da aka gina wajajen 1380 don ajiye gashin tumaki, daga baya a ƙarni na 17 aka mai da su gidajen masaƙa. Suna mataki na ɗaya cikin matakai uku na "listed building", wato gine-ginen da gwamnati ta sa a kundi don doka ta kare su. Ana zaune a cikinsu, amma ko taga ba a sauyawa sai da izinin ƙaramar hukuma, wanda ya yi gaban kansa kotu za ta kai shi. Me zan ce?

'Yar Zazzau: Ginin tarihi.

Mai Fassara: Yaya, ai ba kowane tsohon gini ba ne a cikin kundin. Dokar nake so ta fito.

Ɗan Kurmi: Gini mai rajista?

'Yar Zazzau: Mai sauraro zai ɗauka takardar mallakar fili ake nufi. Kada kuma wani ya ce "ginin gado", sai a zaci rabon mamaci.

Malamin Hausa: Ginin hurumi! Hurumi shi ne filin da ake keɓewa, ba mai taɓa shi sai da izinin sarki. Me ya rage? Na daɗe ina koya wa ɗalibaina haka, 'yan jarida ne ba sa tambaya.

Na Damagaram: Malam, hurumi fili ne, ba gini ba. Mu nan ko tsohon birnin Agadas da UNESCO ta sa a kundinta a 2013, "kayan tarihi" muke ce masa.

Malamin Hausa: Ku da Faransanci ya cinye muku rabin harshe za ku gyara mana?

Na Damagaram: Allah ya huci zuciyar Malam. Ku kuma "rajista" daga ina ta zo? Hausar Kano ba ita kaɗai ce Hausa ba.

'Yar Zazzau: Don Allah ku bari, bawan Allah yana da aiki. Ƙanena, ka ce "ginin tarihi da doka ta kare" a farko, daga nan ka ci gaba da "ginin tarihi".

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Ku yi amfani da shi yau tunda lokaci ya ƙure, amma ban janye hurumi ba.

Mai Fassara: Na gode. Matakan fa? Na tsakiyar da ake sa wa alamar tauraro, wato "Grade II*", "mataki na biyu na musamman" ya yi?