Neman kalma: me za mu kira makullin ƙofar da ake danna wa lamba?

Salamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe. Ina da aiki a hannu, kalma ɗaya ta tsayar da ni tun jiya, shi ne na ce bari in kawo ta gabanku.

Yayana ne ke kula da wani ginin shaguna mai hawa biyu, da makewayi huɗu a baya. Shekara da shekaru ɗan makullin makewayin yana ɗaure da igiya a jikin guntun katako a wurin maigadi. Ya ɓata an yanko wani, ya sake ɓata an fasa kwaɗo. Yanzu masu ginin sun ce a sa irin makullin nan da ake danna lambobi a jikinsa ƙofa ta buɗe, wanda Turawa ke kira "keypad lock". Yaya ya ce in rubuta masa sanarwar da za a liƙa da Hausa, in kuma jera masa abin da zai duba kafin ya biya kuɗi. To me zan kira abin?

Kalmomi huɗu muke da su a wannan fanni, ga yadda na auna su.

Kwaɗo na fara cirewa. Kwaɗo rataya shi ake yi a cire, a tafi da shi a aljihu in an ga dama. Kuma "kwaɗo mai lamba" ya riga ya sami mai shi: ɗan ƙaramin nan na jakar matafiya da ake murza ƙafafun lambobinsa. Ka aiki yaro kasuwa da wannan suna, shi zai kawo maka.

Sakata ita ma ba ta yi ba, kuma dalilin ba na harshe kaɗai ba ne. A makewayin jama'a kowa ya san lambar. Mutum yana ciki, wani ya zo ya danna lambar nan, ƙofa ta buɗe masa. Saboda haka dole a sami sakata ta gaske daga ciki, wadda in an zura ta lamba ba ta aiki, kuma an fi son irin mai nuna ja ko kore daga waje don a san akwai mutum. Tunda abu biyu ne a ƙofa ɗaya, kowanne na buƙatar sunansa. In muka ba na wajen sunan sakata, da me za mu kira ta cikin?

Makulli shi ne abin da baki ke fara kawowa, amma makulli a bakinmu ya haɗa uwa da ɗa. "Ba ni makulli" na nufin ba ni mabuɗi. Idan na rubuta "an sa makulli mai lamba", wani zai tsaya jiran a ba shi ɗan makullin da aka rubuta wa lamba, kamar na ɗakin masauki.

Saura kuba. Kuba ita ce wadda kafinta ke fafe ƙyaure ya dasa a ciki, tana tare da hannun ƙofa, ba ta zuwa ko'ina. Abin da muke magana a kai ke nan, an dai maye ramin mabuɗi da madannai. Ni dai zuciyata ta karkata ga "kuba mai lamba". Me kuka gani?

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku. Allah ya saka da alheri, ban zaci abin zai ja hankali haka ba.

Da yawa kun ce "makullin lantarki" ko "kubar lantarki". Na fahimci dalili, amma ina da ja. Na farko, duk wanda ya ji lantarki a ƙasar nan zai tambaya: in an ɗauke wuta fa? Alhali yawancin waɗanda ake sa wa ƙofa ɗaya ba su haɗu da wayar gini ba sam, batir suke ci, galibi huɗu irin na AA. Na biyu, akwai masu madannai da ba su da ko batir, ƙarfe ne ke tura ƙarfe a ciki, kamar samfurin Simplex mai maɓalli biyar da aka daɗe ana amfani da shi a Amurka. Ita ma lamba ake danna mata. Sunan da ya bar ta a waje bai cika ba. Gara mu ce kuba mai lamba, sannan mu raba: mai batir, da marar batir.

Wani malaminmu ya kawo "kubar madannai", ya ce ita ce fassarar da ta fi kusa da asali. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma madannai zan yi amfani da ita a matsayin sunan allon da ake dannawa, yadda muka saba a waya da kwamfuta. Sai dai mai shago ba madannai ne damuwarsa ba. Abin da zai tambayi maigadi shi ne "mece ce lambar?" Sunan da ya bi bakin masu amfani shi ke rayuwa.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi ya tuna mana cewa a Faransanci "digicode" ake cewa, kuma asalinsa sunan kaya ne na kamfani kafin ya zama sunan duk irin abin, kamar yadda Omo ya zame mana sunan garin sabulu. A Faransa gine-ginen haya da yawa a manyan birane da shi ake shiga. Na yarda aro ba laifi ba ne, batir da kafinta ma aro ne. Amma aro na shiga ne inda babu kalma, ko inda kalmar aron ta riga mu isa kasuwa. Nan kuwa kuba na nan, lamba na nan.

Wanda ya fi burge ni shi ne na wata Hajiya da ta ce "danna-ka-shiga". Wannan ginin Hausa ne tsantsa, ɗan'uwan faɗi-ka-mutu da a-kori-kura. Ina da yaƙinin in abin ya yaɗu, shi za a riƙa ji a bakin masu sayar da kayan gini. Abin da ya hana ni sa shi a takarda shi ne ba ya haihuwa. Duba yadda kuba ke yi: kuba mai lamba, kuba mai kati irin ta otal, kuba mai yatsa wadda ke karanta zanen yatsa, kuba mai maganaɗisu wadda ake gani a saman ƙofofin gilashi. Gida ɗaya, kowa da sunansa, mai saye ba zai rikice ba.

Kuma rikicewar nan ba ƙaramar magana ba ce, bari in tsaya a kanta.

Kuba mai maganaɗisu wuta ce ke riƙe da ita. Wuta ta ɗauke, ta saki ƙofa. Kuba mai batir akasin haka take yawanci: batir ya mutu, ta zauna a kulle daga waje. Kowacce da inda ta dace. Ta farko a ƙofar ɗakin ajiya, a garin da wuta ke zuwa tana tafiya, tamkar barin kaya a fili ne sai in an haɗa mata batirin ko-ta-kwana. Ta biyu kuwa sharaɗinta ɗaya da ba a sassautawa: hannun ciki ya buɗe ƙofa ko da batir ko babu, ba tare da danna komai ba. Turawa ba haka kawai suka tsananta dokar ƙofar fita ba. A ranar 25 ga Maris 1911 gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle a birnin New York, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata ma'aikata, kuma cikin abin da ya jawo yawan asarar har da ƙofar fita da aka kulle. Na rubuta wa Yaya da manyan baƙaƙe: shiga da lamba, fita ba lamba. Mu nemo wa waɗannan hali biyu suna ma. Ni na sa "mai saki in wuta ta ɗauke" da "mai riƙewa in wuta ta ɗauke". Sun yi tsawo, amma ba wanda zai fahimce su a baibai.

Sai kalma ta biyu da ta ɓullo a tsakiyar muhawara. Kusan kowa ya rubuta "lambar sirri". A katin banki daidai ne. A ƙofar makewayi fa? Lambar da masu shago talatin da yaransu da baƙinsu suka sani ba sirri ba ce. In ka kira ta sirri, maigadi zai ɗauka aikinsa ɓoye ta ne. Ni "lambar shiga" na zaɓa. Wadda ke hannun mai kula da gini shi kaɗai, wadda da ita ake sauya sauran ko a soke ta wanda ya bar aiki, ita na kira "uwar lamba". Ita ce ta sirrin, kuma ranar da aka dasa kuba ya kamata a sauya wadda ta zo da ita daga kamfani, don tana rubuce a takardar cikin kwali.

Na dage kan wannan ne saboda na ga inda abin ke kaiwa. A Amurka, inda gidajen shayi da na abinci da yawa ke kulle makewayi da lamba, wasu har a jikin rasit suke buga ta, lambar ta zama hanyar tantance wanda ya isa ya shiga. A watan Afrilun 2018 'yan sanda suka kama wasu baƙaƙen fata biyu a wani shagon shayi na kamfanin Starbucks a birnin Philadelphia. Suna zaune suna jiran wani, ba su sayi komai ba, an kuma hana ɗayansu makewayi. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa kamfanin ya buɗe makewayinsa ga kowa a watan Mayu na shekarar, sannan a Janairun 2025 ya janye wannan tsari. Mu a nan, tsohon da fitsari ya matsa, da mai juna biyu, da mai ciwon suga, ba sa cikin waɗanda aka sa kubar dominsu. An sa ta ne don masu kwance famfo da masu ɓata wuri. Na roƙi Yaya ya gaya wa maigadi haka baki da baki.

Ga sauran abin da na jera masa, ko wani zai amfana, kuma ku gyara mini kalmomin.

Ƙarfi. Ma'aunin Amurka na ANSI da BHMA, ƙungiyoyin da ke tsara ƙa'idar ingancin kaya, ya kasa kuba daraja uku. Daraja ta 3 ta gida ce, an gwada ta buɗewa da rufewa sau 200,000. Ta 2 sau 400,000. Ta 1 aƙalla sau 800,000, ita ce ta wurin da jama'a ke tururuwa. Makewayin kasuwa da ake buɗewa sau ɗari uku a yini ya haura sau 100,000 a shekara, ku yi lissafin sauran. Araha ba ta ado.

Ƙura da ruwa. A jikin kwali za a ga IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura, ta biyu ta ruwa. IP65 na nufin ƙura ba ta shiga sam, kuma tana jure feshin ruwa. Wanda ya san hazon hunturu da yadda ake wanke makewayi da bokiti ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Madannai. Masu maɓallin gaske sun fi na gilashin shafawa a inda hannu ke jiƙe, kuma wurin buta da alwala hannu a jiƙe yake kullum. Kuba mai yatsa ma jiƙaƙƙen yatsa na ba ta wahala. Ga kuma makaho: maɓalli yana lalubawa, akwai ɗan ƙullutu a kan 5 da ke nuna masa tsakiya, gilashi kuwa ba abin da zai gaya masa. Hannun ƙofar ya zama na dannawa ƙasa, ba dunƙulallen da ake murɗawa ba, a kuma sa shi inda mai keken guragu zai kai. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a a Najeriya shekara biyar su gyara, wa'adin ya riga ya cika.

Sauya lamba. Lamba mai gurbi huɗu tana da hanyoyi 10,000, mai shida miliyan ɗaya. Amma in an shekara ana danna lambobi huɗun nan ba a sauya su ba, maɓallansu za su koɗe ko su yi dauɗa, kowa ya gan su. Daga nan hanyoyin jera su 24 ne kacal. A riƙa sauyawa, a riƙa gogewa.

Hanyar ceto. Ko dai ramin mabuɗi na ko-ta-kwana, ko wurin da ake manna batir mai 9V daga waje a farfaɗo da ita. A ajiye mabuɗin a ofis, ba a cikin ɗakin da aka kulle ba.

Mutum biyu sun ce matasa ba su san kuba ba, sai dai makulli. Na ɗauki wannan da muhimmanci, shi ya sa yau da safe na tambayi kafintan unguwarmu da yaransa biyu. Dukkansu sun san ta, ƙaramin ma ya nuna mini wadda yake dasawa. In a wani gari kalmar ta yi sanyi, ku faɗa mini abin da kafintocinku ke cewa, musamman 'yan uwa na Zinder, Garwa da Kumasi.

Ga sanarwar yadda zan miƙa wa Yaya gobe in Allah ya kai mu, sai in wani ya ga gyara kafin la'asar:

"An sa wa ƙofofin makewayi kuba mai lamba. Karɓi lambar shiga a wurin maigadi, kyauta ce. Danna lambar, ka jira koren haske, sannan ka danna hannun ƙofa ƙasa. In ka shiga ka zura sakata. Fita ba ta buƙatar lamba. In ka ga jan haske yana ƙiftawa ka sanar da ofis, batir ne ya yi rauni. Ana sauya lambar ranar ɗaya ga kowane wata."