Shawarwarin da muka tattara daga rayuwar Jerry Rice

Jiya mun daɗe muna hira kan yaron da yake son zama mai cafke ƙwallo a ƙwallon ƙafar Amurka, kusan kowa misalinsa ɗaya ne, tsohon ɗan wasan nan Jerry Rice. Shawarar da ta fi yawa ita ce kar yaro ya raina ƙaramar makaranta, Rice a jami'ar Mississippi Valley State ya yi wasa, ba wata sananniya ba ce, amma da yake yana ta karya tarihin cafke ƙwallo sai ga ƙungiyar San Francisco 49ers sun ɗauke shi a 1985, shi ne na 16 a zaɓen sabbin ƴan wasa.

Wasu suka ce hannu ne komai, wai Rice tun yana yaro yake cafe bulo wajen taya babansa aikin gini. Ni dai na fi yarda da masu cewa atisaye ne, mutumin nan ko lokacin hutu gudun hawan tudu yake yi, shi ya sa ya yi kaka 20 yana wasa, ya cafke ƙwallo 1,549, ya ci nisan yadi 22,895 da su, ga kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, har uku. An kuma ce yaro ya haddace hanyoyin gudunsa ya saba da mai jefa masa ƙwallo, don Rice da mai jefa masa ƙwallo Joe Montana sun san juna sosai a fili.