Fodkas a koyarwar jami'a: waɗanda suka gwada, yaya ta kaya?

Malamar tarihi:
Assalamu alaikum ƴan'uwa malamai da ɗalibai. Zango mai zuwa an ba ni aji mai cunkoso, kuma awa biyu a mako ba za su ishe ni in kammala manhaja ba. Ina tunanin naɗar fodkas, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet, domin ɗalibai su saurara kafin su shigo aji. Na karanta bayanan masana a kai, yanzu abin da nake so shi ne in ji daga bakin waɗanda suka yi da hannunsu. Ɗalibai suna saurara kuwa? Kuma ba sa daina zuwa lacca?

Malamin ilimin aikin gaɓoɓin jiki:
Wa'alaikumus salam Malama. A shekarar 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, sashenmu ya riƙa ɗora laccoci cikakku, wata awa ɗaya wata awa biyu, kamar yadda aka yi su. Da na duba adadin masu saukewa sai na ga shiru duk tsawon zango, sai ana gab da jarrabawa kowa ya yi caa a kansu. Wannan ba koyo ba ne, haddar dare ɗaya ce aka sauya mata kaya.

Abin da ya yi mini aiki daban ne. Ina ɗaukar tambaya guda ɗaya tak, misali me ya sa bugun zuciya yake ƙaruwa idan mutum ya miƙe tsaye farat ɗaya, in yi bayaninta cikin minti goma ko ƙasa da haka, kamar ina magana da ɗalibi ɗaya a ofishina. A ƙarshe sai in bar musu wata tambaya ban amsa ba, in ce da ita za mu buɗe aji. To wannan tambayar ce take sa a saurara, domin ba wanda yake son a nuna shi a aji ya yi zuru. Batun zuwa lacca kuma, ni ban ga an ragu ba, tunda abin da ake yi a ajin ba ya cikin sautin. Idan kika naɗi laccar kanta ne kika ba su, a nan ne wasu za su ga ba su da dalilin fitowa.

Ɗaliba a ajin ƙarshe, fannin shari'a:
Malama, bari in faɗa miki ta ɓangarenmu. Muna saurara, amma galibi muna tafe a hanya ko muna wani aiki da hannu, kuma da yawanmu muna ƙara saurin muryar. Amfanin da na fi gani shi ne maimaitawa. A aji idan magana ta wuce ni ina jin nauyin ɗaga hannu a gaban mutane, amma a waya sai in mayar da ita baya har sai ta zauna.

Sai dai akwai tarko. Idan malami ya iya bayani, kana ji kana gyaɗa kai, sai ka ɗauka ka gane. Ranar da aka ce ka rubuta da kanka sai ka ga babu komai a kanka sai muryarsa. Yanzu sau biyu nake saurare: na farko a hanya, na biyu a zaune da biro da takarda, ina tsayarwa ina rubutawa.

Jami'in fasahar koyarwa:
Abin da ƙanwarmu ta faɗa ya yi daidai da wani bincike da aka wallafa a 2009 a mujallar Computers & Education, wanda Dani McKinney da abokan aikinta suka yi a wata jami'a ta jihar New York a Amurka. An ba wasu ɗalibai lacca a aji, wasu kuma aka ba su ita a fodkas tare da takardun bayanin. Masu fodkas sun fi samun maki, amma ribar ta fito ne daga waɗanda suka riƙa rubutu yayin sauraro. Ɗaliban ba su da yawa, kuma lacca ɗaya ce aka gwada, don haka kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Ni aikina taimaka wa malamai naɗa da ɗorawa, kuma abin da na fi jan kunnensu a kai shi ne ajiya. Jami'ar Duke ta Amurka ta raba wa sababbin ɗalibanta na'urar sauraron sauti ta iPod a 2004, kamfanin Apple ya buɗe dandalin ɗora darussa na iTunes U a 2007, manyan jami'o'i suka zuba darussansu a ciki. A ƙarshen 2021 Apple ya rufe shi. Saboda haka duk inda za ki ɗora, ki riƙe asalin fayilolinki a wurinki.

Kayan aiki ba su da wuya. Wayarki ta isa, in dai ɗakin ba ya amsa kuwwa. Ɗaki mai labule da littattafai ya fi zauren lacca nesa ba kusa ba. Manhajar Audacity kyauta ce, da ita za ki yanke tari da dogon shiru. Idan kika fitar da sautin a MP3 mai kilobit 64 a sakan, minti ɗaya bai kai rabin megabait ba, wato shirin minti goma bai kai megabait 5 ba. Bidiyo mai tsawon haka yakan ninka wannan sau da yawa, kuma ɗalibi mai ƙarancin data shi ya san bambancin.

Malamin lissafi:
Ni dai ban ga amfaninsa ba a fannina. Na gwada bayanin yadda ake warware lissafi da baki kawai, ɗalibai suka ce kafin in kai layi na uku sun manta na farko. Lissafi yana son ido ya koma baya ya ga abin da ya gabata, kunne kuwa ba ya komawa. Na koma ga gajeren bidiyon hannuna yana rubutu. Tarihi wataƙila daban ne, tunda labari ne da muhawara.

Malamar tarihi:
Malam na gode, wannan ya sa na tuna da taswira da jerin shekaru. Ashe waɗannan sai dai in ba su a takarda, sautin ya tsaya kan dalilai da saɓanin masana.

Ɗalibi mai lalurar gani:
Malama, don Allah ki yi. A wajena ranar da malami ya ba da sauti rana ce ta hutu, domin ba sai na nemi wanda zai karanta mini ba, ko in yi ta fama da takardar da aka ɗauki hotonta wadda manhajar karatu ba ta iya karantawa. Roƙona ɗaya: kada ki ce "kamar yadda kuke gani a nan". Ki faɗi abin da yake wurin. Sannan ina da aboki mai matsalar ji, shi abin da yake sauƙi a gare ni shi ne cikas a gare shi. Ki haɗa kowane shiri da rubutaccen abin da kika faɗa, mu duka mu amfana.

Malamar adabi:
Ni na juya abin ne, ɗalibai suke naɗa ni nake saurara. Maimakon rubutaccen aikin gida, sai na raba su uku-uku, kowane rukuni ya shirya tattaunawar minti takwas kan wani jigo. Abin da ya ba ni mamaki shi ne waɗanda ba su taɓa buɗe baki a aji ba, sai ga su suna kare ra'ayi da hujja. Kuma da wuya mutum ya yi bayanin abin da bai fahimta ba da bakinsa ba tare da an gane ba, ko da ya kwafo.

Wahalarsa tana wajen ba da maki. Idan ba ki bayyana tun farko ba, za su ɓata lokacinsu kan kiɗan buɗewa da kwalliyar murya. Nakan gaya musu makin yana kan hujja da tsarin magana da ambaton inda suka samo bayani, ingancin sauti kuwa in dai ana ji ya wadatar. Nakan kuma karɓi rubutaccen shirinsu tare da sautin, in ga wa ya yi me. Kuma ba na ɗora aikin kowa a bainar jama'a sai da izininsa, domin akwai waɗanda ba sa son muryarsu ta fita daga aji.

Sauraron ayyukan yana cin lokaci fiye da duba rubutu, tunda ba a tsallake sauti da ido. Idan ajinki ya yi yawa sosai Malama, ki fara da naki shirin tukuna, na ɗalibai ya jira zangon da kika samu mataimaki.