Catgut: tsirkiya, zare mai narkewa, ko zaren hanji?

1/ Ina fassara wani bayani kan ɗinkin rauni a fatar akuya, sai kalmar catgut ta tsaya mini a wuya. Suture ba ta wahalar da ni ba, zaren tiyata ya wadatar. Wannan ce ta ƙi.

2/ Duk da sunan (cat kyanwa ce a Turanci, gut kuma hanji), babu ruwan kyanwa a ciki. Zaren tiyata ne da ake sarrafawa daga hanjin tumaki, awaki ko shanu. Wato akuya ake ɗinkewa da hanjin 'yar'uwarta.

3/ Wani ya ce mu kira shi tsirkiya, tunda an daɗe ana ɗaura irinsa a kayan kiɗa. Ta yi mini daɗi a baki, amma ka ce wa mai akuya an ɗinke dabbarsa da tsirkiya, baka da kibiya zai tuna.

4/ Wata kuma ta kawo "zare mai narkewa". Gaskiya ne, sai dai rigar ta yi masa yawa. Vicryl, wani zaren tiyatar, shi ma yana narkewa, alhali haɗin masana'anta ne, kuma ba hanya ɗaya suke bi ba. Vicryl ruwan jiki ne ke warware shi a hankali cikin kwana 56 zuwa 70, ba tare da tayar da kumburi sosai ba. Shi kuwa catgut, jiki yana ɗaukar sa baƙon nama, sai ya turo ƙwayoyin garkuwa su cinye shi. Wurin ya kumbura, ya yi ja, ƙarfin zaren ya tafi cikin kwana 7 zuwa 10, sai fa wanda aka jiƙa da sinadarin kuromiyam don ya ƙara daɗewa. In suna ɗaya muka ba su, mun ɓoye bambancin da likitan dabbobi yake dubawa.

5/ Shi ya sa a saman fata aka fi son nailan mai sili ɗaya, a cire shi bayan kwana 10 zuwa 14. Siliki tufkakke ne, ƙwayoyin cuta na samun maɓoya tsakanin silinsa.

6/ Ni dai na tsaya kan zaren hanji. An ce za a zaci zaren ɗinke hanji ake nufi. To, wa ya taɓa jin zaren auduga ya ɗauka auduga ake ɗinkewa da shi?