Batirana na sola ba sa kai ni asuba, ina matsalar take?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Ga kayan da aka haɗa a gida, a Kano: inbata 2.5kVA mai bolt 24, batir tubula (na dalma masu ruwa) biyu masu 220Ah haɗin siris (a jere, bolt ɗinsu ya haɗu), fanel huɗu masu wat 300 haɗin faralel (gefe da gefe, amfiyarsu ta haɗu), da kontirola (na'urar da ke tsara caji daga fanel zuwa batir) nau'in PWM mai amfiya 60. Abin da ke kai: fankar silin uku, talabijin, ƙwan fitila takwas na LED, da firiza da ba a kashe ta. Wata tara kenan. Da farko wuta tana kai asuba, yanzu kafin ƙarfe biyu na dare inbata ta fara kuka ta ɗauke. Mai shago ya ce a ƙara batir biyu, wani ya ce batiran jabu ne. Wanne zan kama?

Injiniya Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka sayi komai tukuna, mu fara da lissafi.

Batir ɗaya 12V sau 220Ah yana ɗauke da 2,640Wh (Wh shi ne wat sau awa, ma'aunin wutar da ke ajiye), biyu kuma 5,280Wh. Amma tubula ba a shanye shi ƙasa da rabi in ana son ya daɗe, don haka abin da kake da shi a zahiri 2,640Wh ne kowane dare.

Yanzu duba abin da gidan ke ci daga magariba zuwa bakwai na safe. Fankar silin ta gargajiya tana jan wat 70 zuwa 75; uku na awa goma, kusan 2,200Wh. Talabijin wat 80 na awa biyar, 400. Fitilu wajen 400. Firiza, ko da kwamfiresa rabin lokaci kawai take aiki, za ta ci kusan 1,000. Sai abin da mutane ke mantawa: ita kanta inbata tana cin wat 30 zuwa 50 ko babu abin da ke kanta, wato wani 500 kafin gari ya waye. Jimilla ta kai 4,500Wh. Kenan tun daren farko kana ɗora wa batiran kusan ninki biyu na abin da ya kamata su ɗauka. Lokacin da suke sababbi sun jure, yanzu sun gaji.

Gyara mafi arha: canza fankokin zuwa masu BLDC (injin da ba ya cin wuta sosai) ko na DC, waɗanda ke jan wat 25 zuwa 35. Wannan kaɗai zai rage maka sama da 1,200Wh. Sannan a sa wa firiza agogon kashewa, ta yi aiki daga tara na safe zuwa biyar na yamma, a cika ta da robobin ruwa su daskare. In ba a yawan buɗe ta, za ta kwana da sanyinta.

Ummu Haidar:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ina zargin ko cika batiran ba sa yi da rana. Malam, hau ka duba takardar da ke manne a bayan fanel, ka gaya mana adadin Vmp (bolt ɗin fanel lokacin da yake ba da cikakken ƙarfinsa) da Voc (bolt ɗinsa in ba a haɗa shi da komai ba). Ka kuma duba bolt ɗin batir a kontirola da misalin ƙarfe uku na rana.

Baban Ummi:
Na duba Hajiya. Vmp 32.6V, Voc 39.8V. Batir kuma yana tsayawa a 27.1V da ƙarfe uku.

Ummu Haidar:
To ga matsalar nan. Tubula mai bolt 24 sai ya kai 28.8 zuwa 29.4V, ya zauna a nan awa biyu zuwa uku, kafin a ce ya cika. Naka ba ya ko kusantar wurin.

Dalili shi ne lambobin bayan fanel an auna su ne a zafin digiri 25. A kan kwanon rufi a watan Afrilu, gilashin yana kai digiri 60 zuwa 65, kuma Vmp yana sauka da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri. Wato 32.6 ɗinka ya koma wajen 27.5. PWM ba ta sarrafa bolt, haɗa fanel da batir kawai take yi kai tsaye, don haka da zarar batir ya haura 27, amfiyar da ke shiga sai ta faɗi warwas. Batirin da ya yi watanni ba ya cika, farin gishirin salfet yana daskarewa a kan farantansa, kuma shi ne ke cinye masa ƙarfi.

Maganin shi ne MPPT (kontirolar da ke sarrafa bolt ɗin fanel ya dace da na batir) mai amfiya 60 wadda ke karɓar bolt 100 ko 150. A haɗa fanel bibbiyu a siris, sannan a haɗa layukan biyu a faralel. Voc zai zama kusan 80V, lafiya lau. A sa waya mai kauri 6mm² daga rufi, da birekar DC tsakanin fanel da kontirola, ba birekar AC ta gida ba, domin ita ba ta iya kashe tartsatsin DC. Kuma kullum a fara haɗa batir da kontirola kafin fanel.

Duba kuma yadda aka girka fanel ɗin. A Kano su fuskanci kudu, a karkace digiri 12 zuwa 15, da tazarar aƙalla santimita 10 daga kwano don iska ta ratsa. Lokacin hunturu a wanke su sau biyu a mako da sassafe, ruwa da tsumma mai laushi. Kada a zuba ruwa a kan gilashi mai zafi da tsakar rana. Inuwar tankin ruwa ko kashin tattabaru a kan fanel ɗaya tana jawo dukan layin siris ƙasa.

Ɗan Sabon Gari:
Ni a kan batiran zan yi magana. Buɗe murafen ka duba ruwa. Alamar da ke yawo a murfin kada ta sauka ƙasa da layi. Ruwan batir tacacce kawai za ka ƙara, ban da asid, ban da ruwan leda ko na rijiya. Ka samu haidiromita, ma'aunin kaurin ruwan batir, ka auna kowane rami bayan cikakken caji: 1.24 zuwa 1.25 lafiya ne, ramin da ya bambanta da sauran da fiye da 0.03 ya fara lalacewa. Ka kuma auna kowane batir daban yayin da kaya ke kai. In ɗaya yana 12.2 ɗayan yana 10.8, wannan na biyun shi ke sa inbata ɗaukewa.

In babu ramin da ya mutu, a yi musu cajin daidaitawa, wato caji mai bolt sama da na kullum don ramukan su daidaita, a 31V na awa biyu, murafe a buɗe, taga a buɗe, babu wuta ko taba kusa, saboda iskar haidirojin da ke fita. Wani ƙarfin zai dawo, ba duka ba. In aka sa MPPT, a ƙayyade abin da ke shiga batir kada ya wuce amfiya 25 zuwa 30. Kuma a fitar da batiran daga ɗakin da ke rufe. Duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba rayuwar batirin dalma gida biyu.

Shawarar mai shago kuwa, kada ka bi. Sabon batir da aka haɗa da tsoho, tsohon ne ke jan sa ƙasa, kuma fanel ɗin da ba su cika biyu ba ba za su cika huɗu ba.

Injiniya Mai Wayarin:
Haka ne. In gwajin ya nuna batiran sun mutu, Malam, ka duba batirin litiyom LiFePO4 mai 25.6V da 200Ah. Yana ɗauke da 5,120Wh, ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 nasa, ba ya son ruwa, kuma rashin cika ba ya lalata shi. Sai dai ka tabbatar inbatarka da kontirola suna ba da damar saita caji a 28.4V, kuma a kashe cajin daidaitawa gaba ɗaya, domin 31V zai sa BMS, na'urar kariya da ke cikin batirin, ta yanke. Ka turo mana sakamakon haidiromitar da lambar samfurin inbatar, sai mu ga ko za ta karɓa.