Neman kalma: me za mu kira "gatekeeping" da Hausa?

Jama'a, sallama. Ina rubutu a kan rigimar masu wasan Dungeons & Dragons na tsohon yayi, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙogwaro: gatekeeping, wato mutum ya ɗora wa kansa ikon yanke waye ɗan gida, waye bare. Ku taya ni.

Ga tushen zancen. Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan a Amurka a 1974. Mutane ne ke zagaye tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya shiga rigar jaruminsa, ɗan ludo mai fuska 20 ya raba gardama. A 2000 kamfanin Wizards of the Coast, mamallakin wasan, ya ba da lasisin da ya halatta wa kowa aron dokokin. Da shi masu kewar wasan farko suka farfaɗo da tsohon salo a sabbin littattafan dokoki: OSRIC a 2006, Labyrinth Lord a 2007, Swords & Wizardry a 2008. Tafiyar ita ake kira OSR (Old School Renaissance, wato farfaɗo da tsohon yayi).

Da taro ya cika, sai aka fara tambayar waye ɗan gida. Sabon shiga ya zo da murnarsa, wani ya tare shi: ka taɓa buga bugun Tom Moldvay na 1981? A teburinka lambar sulke ƙasa take yi ko sama? A tsohuwar doka, ƙaramar lamba ita ce sulke mai ƙarfi, sabbin bugu suka juya lissafin. A kan wannan kaɗai sai a ce wa mutum wasansa ba na asali ba ne. Sannan ga siyasa: wasu na cewa a ajiye ta a waje, wasu na cewa ba za su sayi littafin marubucin da ba su yarda da aƙidarsa ba. Kowane ɓangare na zargin ɗayan da wannan hali.

Na fara da "gadin ƙofa", ban gamsu ba. Maigadi aiki aka ɗauke shi, ana biyansa. Wani abokina ya kawo "sarkin ƙofa", na ce a'a. Sarkin Ƙofa a Kano sarauta ce, da naɗi da rawani. Mutumin da muke magana a kai ba wanda ya naɗa shi, kuma gidan ma ba nasa ba ne. Ba zan ara masa wannan girma ba.

"Wariya" ta yi nauyi, ta fi zama da launin fata da ƙabila.

"Babakere" ce ta daɗe a raina, har yanzu ina sonta. Amma mai babakere cinye wuri yake yi ya hana kowa. Wannan kuwa yana barin wasu su wuce, in sun ci jarrabawar da shi ya ƙaga.

Don haka na tsaya a kan "tare-ƙofa", mai yi kuma "ɗan tare-ƙofa". Tarewa ba ta buƙatar izini, kamar yadda ake tare hanya. Ku gwada a baki: "'Yan tare-ƙofa sun kori yarinyar daga teburin don ta fara da bugu na biyar na 2014." Ni dai ta zauna mini a kunne.

Mutanen Sakkwato da Damagaram, in kuna da wadda ta fi ta a bakinku, ku kawo kafin in miƙa rubutun.